Jinjina ga Fadar Damagaram, da Aikin da Ya Rage a Bakin Ƙofarta

Tun wajen 1850 fadar Sarkin Damagaram take tsaye a unguwar Birni, kuma da ƙasa aka gina ta. Duk wanda ya taɓa zama a soro ya san nauyin wannan magana. Damina ɗaya aka yi sakaci da yaɓe, ko indararo ya toshe ba a lura ba, sai azara ta sha ruwa, rufi ya lotsa, bango ya fara tsagewa daga sama. Ginin da ya ga damina sama da 170 bai kai haka da sa'a ba. Akwai hannuwan da suka yi ta kwaɓa ƙasa suna hawa tsani shekara bayan shekara, uba ya bar wa ɗa, kuma mafi yawansu ba wanda ya rubuta sunansu. Da waɗannan magina nake fara jinjinata, kafin sarakai da masu rawani.

Sai kuma gidan sarautar kansa, domin abin da ya sha ba kaɗan ba ne. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suna zuba igwa ana kuma haɗa albarushi a cikin gari, har Damagaram, wadda ke kai gaisuwa Borno, ta zama ƙasar da ake shakka. A 1898 aka kashe kyaftin Kazmaju na Faransa a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara na zagayowa aka gwabza a Tirmini, Faransawa suka ci gari, Sarki ya rasa ransa bayan 'yan makonni. A 1906 suka tuɓe Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya musu tawaye, suka kai shi ƙasar Kodebuwa. A 1926 suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mayar Yamai. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya mayar da fada kufai, amma ga ta nan da ranta. Ana zaman fada, ana sasanta rikicin gona da na gado, dogarai na tsaye da jajayen rigunansu, ranar Sallah kuma kakaki da algaita da ƙurar dawaki su cika filin ƙofar fada. Baƙon da ya nemi izini ana shiga da shi a zagaya. Allah ya ja zamanin Sarki, wannan riƙo ya cancanci yabo.

Ban manta da masu riƙon tarihin da baki da alƙalami ba. Ma'azu Ɗan Alalo ya adana sunayen sarakuna a cikin waƙa. Farfesa André Salifou, ɗan garin, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa yanzu, ya fitar da littafi a kan daular a ƙarni na 19 tun 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun.

To amma wa ke shiga? Jakadu na shiga, manyan ma'aikata daga Yamai na shiga, Bature mai ɗaukar hoto ya sha shiga. Manomin Hamdara, can cikin yankin Mirriya, in ya shigo Damagaram kasuwa ce ta kawo shi, ko asibiti, ko wata takarda. In ya ci sa'a zuwansa ya dace da hawan Sallah, sai ya ɗora ɗansa a kafaɗa daga bayan taro, yaron ya hango laima da kan doki. Ba wanda ya rubuta cewa kada ya shiga. Kwarjinin ƙofar ne ke tsayar da shi, da rashin sanin wanda zai yi wa magana, da tunanin cewa wurin ba na irinsa ba ne. Alhali geron ƙauyuka irin nasa ne ya ciyar da Birni, harajin kakanninsa da ƙarfin damtsensu na cikin wannan ganuwa.

Faransawa, waɗanda suka ci mu da yaƙi, sun yi wani abu a gidansu da ya kamata mu duba. A 1984 ministan al'adunsu Jack Lang ya ware rana guda ta buɗe tsofaffin gine-gine ga kowa, abin ya bi jiki har ya zama al'adar kowane watan Satumba, ya kuma bazu a Turai. A ranakun iyalai na fita da 'ya'yansu zuwa fadojin sarakunan da ke kwarin kogin Luwar, irin su Shambor da Sarki Faransuwa na 1 ya fara ginawa a 1519, har fadar shugaban ƙasa ana buɗewa. Sai dai Shambor ba mai kwana cikinta a matsayin sarki, tamu kuwa da mai ita a ciki da iyalinsa. Saboda haka ba wanda zai ce a bankaɗe cikin gida. Zauruka, da farfajiya, da wurin dawaki, da inda ake ajiye tambura da kayan yaƙi sun isa.

Abin da nake roƙo shi ne fada ta tsayar da rana sananniya a shekara, bayan kaka, lokacin da aka gama kai amfanin gona rumbu kuma zafi bai tsananta ba. A yi shela a rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci cewa ranar ta iyali ce, ba ko dala, uwa ta zo da goyonta. Magadan gari na karkara, har da na Hamdara, su ɗauki nauyin motar 'yan lakwal da almajirai, don kuɗin mota shi ne shingen farko. Masu bayani su zama ɗaliban tarihi na jami'a tare da dattawan fada, su yi magana da harshen da yaro ke ji a gida. In an fito, a bi da jama'a ta lungunan Birni a tsakanin manyan duwatsun nan, su ga zanen da ke fuskar gidaje, a ƙarasa Zango inda ayarin raƙuma ke sauka a zamanin attajirai irin su Malam Yaro.

Akwai wani nauyi da ya fi wannan wuya, shi ne a faɗi tarihin duka. Arzikin Damagaram a ƙarni na 19 bai tsaya a kan fatu da gashin jimina ba, har da cinikin bayi, kuma wasu daga cikin waɗanda aka kama daga ƙauyuka aka kwaso su. Cikin yaran da za su zauna a zauren nan akwai jikokin mahaya, akwai jikokin waɗanda aka kora a gaban doki. Faɗin wannan ba ya rage wa fada daraja a idona. Yaron da aka gaya wa gaskiya a gidan Sarki zai fi yarda da sauran abin da aka gaya masa.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. A farkon Satumban 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, mutane na kallo. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Agadas ta samu shiga a 2013, Damagaram na nan tana jira. Takarda daga waje ba ta hawa tsani, siminti kuma in an shafa shi a kan bangon ƙasa danshi yake riƙewa ya ci ginin ta ciki. Don haka a ranar da nake roƙo a ba magina wuri a filin ƙofar fada, su kwaɓa ƙasa da ciyawa a gaban jama'a, su nuna yadda ake murza tubali da jera azara, a bar yara su sa hannu. Samarin da suka nuna sha'awa a rubuta sunayensu, gwamnatin jiha da attajiran gari su biya musu kuɗin koyo a hannun Sarkin Magina, su fara da katangun Birni da suka tsage kafin damina mai zuwa.