A Fita da Malam Tukuna!

Jama'ar Sundimina, iyaye maza da mata, ku tashi! Mutanen Birnin Kudu, mutanen Gwaram, ku ba ni aron kunnuwanku.

A duwatsun Birnin Kudu akwai zanen shanu wanda mutanen zamanin da suka yi tun kafin kakannin kakanninmu. Ga Dutsen Mesa, ga Dutsen Habude, ga Dutsen Murufu. Shanu ne marasa tozo, ba irin waɗanda ke rugagenmu yau ba. Ga duwatsu masu amo da ake kaɗawa, waɗanda wani Bature mai suna Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950. Baƙi sun zo daga Turai sun gani. Ɗan firamaren Sundimina fa? Ku tambaye shi yau da daddare. Ku tambayi malaminsa ma.

Amma kada mu ɗora wa malam laifi. A kwaleji a kan benci aka zaunar da shi. In an kira bita, a zaure ake zaunar da shi, a ba shi takarda, a sallame shi. Wanda ba a taɓa fita da shi ba, yaya zai fita da yara?

To, a fita da malam tukuna!

Sakataren ilimi, ranka ya daɗe, bitar hutun nan a yi yini guda a gindin dutse. Hukumar SUBEB da ke Dutse, a sa wannan cikin tsarin horar da malamai. A nuna wa malam yadda zai raba yara rukuni-rukuni, ya ƙirga su kafin a fita, ya sake ƙirgawa in an dawo. A tanadi ruwan sha, a fita da sanyin safiya, a nisanci kududdufi da damina. A nuna masa yadda kunyoyin gona ke zama lissafi, tsawo sau faɗi. Ya tsaya bakin kwari ya ga yadda ruwa ke cin ƙasa inda aka sare itatuwa. Ya bi riɗi tun daga shuka har buhu, har kasuwar Sara. Wannan fa ba yawon shan iska ba ne, manhajar ce dai da ke hannunsa.

Sauran aiki namu ne. Baba manomi, buɗe wa malamai gonarka. Arɗo, karɓe su a ruga, ka nuna musu ciyawar da saniya ke ci da wadda take ƙi. Inna mai ƙuli-ƙuli, bari su ga yadda mai ke fita daga gyaɗa. Dattijo, zauna da su, ka faɗa musu yadda aka kafa garin nan. Mai mota, rage musu kuɗin zuwa Birnin Kudu.

Kwamitin kula da makaranta, ku kira taro makon nan. Hedimasta, sa rana! Iyaye, in takardar neman izini ta zo, ku amsa, ku bar 'yan mata su je tare da malama.

Gobe da safe ku je makaranta ku tambaya: yaushe za a fita?