Koyar da Turanci ta Intanet: Satifiket Mai Araha Ba Ya Mayar da Mutum Malami

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Facebook a 'yan shekarun nan ya ci karo da irin wannan talla. Matashi ne zaune gaban kwamfuta da belun kunne a kai, yana ba da labarin yadda daloli ke shigo masa daga cikin ɗakinsa saboda yana koya wa 'yan ƙasashen waje Turanci. A ƙarshen bidiyon sai a liƙa adireshin wani shafi da ke sayar da kwas ɗin TEFL, wato horon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, a kan kuɗin da bai kai na sabon fawa-bank ba. A biya, a amsa tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, a sauke satifiket a waya.

Sana'ar dai gaskiya ce. Akwai shafuka irin su Preply da italki da Cambly da ke haɗa malamai da ɗalibai daga sassan duniya, kuma akwai 'yan Afirka da ke cin abinci da su. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen shiri. Matashin da ya gama digiri ko NCE yana zaune ba aiki, ya tattara ɗan abin da ke hannunsa ya sayi takardar da babu wanda zai tambaye shi ita, ya yi asarar kuɗi, ya kuma yi asarar watannin da da ya yi amfani da su wajen koyon aikin.

Babu wata hukuma guda a duniya da ke sa ido a kan kalmar TEFL. Kowa na iya buɗe shafi ya buga satifiket da tambari mai ƙyalli. Takardun da makarantun harshe suka fi girmamawa biyu ne: CELTA ta Cambridge da CertTESOL ta Trinity College London. CELTA na ɗaukar aƙalla awa 120, mako huɗu zuwa biyar ga mai yin ta dare da rana, kuma ana iya yin ta ta intanet. Abin da ya bambanta ta da kwas ɗin talla shi ne awa 6 na koyarwa ga ɗalibai na gaske, ƙwararren malami na zaune yana rubuta kurakuran mutum, sannan a zauna a warware masa su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma awannin kallon gogaggun malamai suna aiki, da rubutattun ayyuka guda huɗu. Kuɗinta kan haura dala dubu, wanda ya fi ƙarfin yawancin matasan Kano ko Zariya. Mai ƙaramin ƙarfi na iya duba TKT, jarrabawar Cambridge ta sanin dabarun koyarwa, wadda ake yi kashi-kashi kuma ta fi sauƙin kuɗi, duk da cewa babu koyarwa a gaban aji a cikin manyan sassanta.

Waɗannan awanni shida su ne zuciyar maganar. Iya Turanci daban, iya koyar da shi daban. Wanda ya ci A a WAEC zai iya faɗin jumla daidai, amma idan ɗalibi ɗan Brazil ya tambaye shi dalilin da ya sa ake cewa "I have been to Lagos" a wani wuri, a ce "I went to Lagos" a wani, sai ya yi turus. Amsar "haka ake faɗa" ba ta riƙe ɗalibin da ke biyan kuɗi kowace awa. Mako ɗaya zai koma wajen wani malamin, domin canza malami a waɗannan manhajoji bai wuce taɓa allon waya sau biyu ba.

Akwai kuma gadon da makarantun gida suka bar wa kowa. Salon da aka saba shi ne malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a haddace ma'anar suna da ta aikatau, a ƙarshe ya ce "kun gane?" aji ya amsa da "e" baki ɗaya. Koyar da baƙon harshe kishiyar wannan ne. Ɗalibi ne ya kamata ya fi yin magana, malami ya rage surutu. Malami ya san matakin ɗalibinsa a ma'aunin CEFR, wanda ya tashi daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na gwani, ya kuma sauko da Turancinsa daidai wannan matakin ba tare da ya lalata shi ba. Maimakon tambayar "ka gane?", sai ya nemi ɗalibi ya yi amfani da kalmar a jumlar kansa. Ya san kuskuren da zai gyara nan take da wanda zai bari sai an gama hira, don kada ya kashe wa mai koyo gwiwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya ta danna A, B ko C.

Abin daɗin shi ne kayan gwajin na cikin aljihu. Matashi na iya jingine wayarsa, ya ɗauki bidiyon kansa yana koya wa ƙanensa ko maƙwabcinsa darasin minti goma sha biyar, sannan ya kalla da agogon ƙidaya a hannu, ya lissafa minti nawa shi ya yi magana, nawa ɗalibin ya yi. Da wuya wanda ya yi wannan a karon farko bai ji kunyar kansa ba. Shafin TeachingEnglish na British Council cike yake da tsare-tsaren darussa kyauta, haka ma BBC Learning English. Ajin yaƙi da jahilci ko darasin yamma na unguwa zai ba mutum awannin koyarwa na gaske fiye da duk abin da satifiket ɗin talla zai ba shi.

Sai batun da masu talla ba sa so a taɓo, wato fasfo da karin harshe. Kasuwar Turanci ta duniya na fifita waɗanda take kira 'yan asalin harshen. Koriya ta Kudu, alal misali, ta daɗe tana ba da bizar koyar da Turanci ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Najeriya, wadda Turanci ne harshen hukumarta, ba ta ciki. Wannan ba adalci ba ne, kuma ƙwararru da dama a fagen sun daɗe suna sukar sa, amma haka kasuwar take. Ƙofar da ta fi kowace faɗi ma ta rufe a watan Yulin 2021, lokacin da gwamnatin Sin ta hana kasuwancin darussan bayan makaranta ga yara, ta kuma haramta ɗaukar malaman da ke zaune a ƙasashen waje. Kamfanoni irin su VIPKid suka daina sayar da irin waɗannan darussa ga yaran ƙasar, dubban gogaggun malamai suka kwararo sauran shafuka. Da su sabon shiga zai yi gogayya. Yawancin labaran samun daloli cikin sauƙi da ake ta maimaitawa sun samo asali ne daga zamanin da ya gabaci wannan doka.

Ko an samu shiga, lissafin na buƙatar natsuwa. A tsarin da Preply ya daɗe a kai, kuɗin darasin gwaji na farko da kowane sabon ɗalibi na kamfanin ne gaba ɗaya, sannan kamashonsa kan fara daga kashi 33 cikin ɗari, ya riƙa sauka zuwa 18 yayin da awannin malami ke ƙaruwa. Kiran bidiyo na awa ɗaya kan lashe daga kusan rabin giga zuwa sama da giga guda, gwargwadon ingancin hoto, ga shi hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025. Waya kaɗai ba ta wadatarwa ga mai son nuna rubutu a allo yana kallon fuskar ɗalibi a lokaci guda. Ana buƙatar laftof, ko da ta hannu ce, da belun kunne mai makirfo. Ɗalibi zai yafe hoto mai dishi-dishi, amma ba zai yafe muryar da ke yankewa ko ƙarar janareton maƙwabta ba. Layi biyu na kamfanoni daban-daban da ɗan sola ko inbata sun fi fitilar zobe da ake gani a bidiyo amfani nesa ba kusa ba. Hanyar karɓar kuɗi ma a tantance ta tun kafin darasin farko, domin shekara da shekaru PayPal bai bar asusun 'yan Najeriya karɓar kuɗi ba, abin da ya sa da yawa suka koma Payoneer. Lokaci kuwa yana da sauƙi ta wani ɓangaren: ƙarfe bakwai na yamma a Tokyo, sha ɗaya na safe ne a Kaduna.

Abin mamaki shi ne yadda ake hangen Tokyo da Sao Paulo alhali kasuwar da Bahaushe ya fi kowa dama a cikinta na bayan gida. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ajiye Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ɗalibai daga Maraɗi da Damagaram da Tawa sun daɗe suna tsallakowa Najeriya karatu, kuma Turanci ne katangar farko da suke cin karo da ita. Akwai masu jin Hausa a Chadi da arewacin Kamaru da suka yi boko da Faransanci, da na Sudan da suka yi da Larabci. A cikin gida, akwai ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Farm Centre da ke musayar saƙo da dillalai a Guangzhou da Dubai, da ma'aikaciyar jinya mai shirin IELTS, da mahaddacin Alƙur'ani da bai yi boko ba amma yana son cike fom da kansa. Manhajar Duolingo na koyar da Turanci ga masu jin Faransanci da Larabci, amma ba ta da kwas ga mai jin Hausa.

A wannan kasuwa, abin da ake ɗauka a matsayin rauni a can waje shi ne jari. Malamin da ya tashi da Hausa ya san tun kafin ɗalibi ya buɗe baki cewa zai haɗa "pan" da "fan", domin Hausa ba ta raba waɗannan sautuka biyu. Ya san zai cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, kamar yadda aka yi har aka samu sukurudireba. Ya san sautin farko na "think" babu shi a Hausa. Ya san dalilin da ɗan Damagaram zai ce "I have 20 years": Hausa na cewa ina da shekara ashirin, Faransanci ma da kalmar mallaka yake faɗin shekaru, don haka harsuna biyu ne ke tura shi cikin rami ɗaya. Baturen da ke Landan zai ji kuskuren, amma ba zai san tushensa ba. Sharaɗin shi ne malamin ya fara gyara nasa furucin, domin wanda shi ma ke cewa "fifty" da "p" ba abin da zai gyara wa wani.

Za a iya cewa kuɗin wannan kasuwa naira ne da sefa, ba dala ba. Haka ne, kuma awa ɗaya da ɗan kasuwar Kwari ba za ta kai farashin awa ɗaya da injiniya a Jamus ba. Sai dai babu kamasho, babu gogayya da dubban malamai, kuma ana iya haɗa mutum biyar ko shida a aji ɗaya. Data ma ba ta da yawa: rukunin WhatsApp ko Telegram, saƙon murya na minti biyu daga kowane ɗalibi a kullum, malami ya saurara ya mayar da gyara, sai haɗuwa ta Google Meet sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya yi shekara guda a haka ya tara awannin koyarwa da shaidar ɗalibai da bidiyon darussansa, abubuwan da za su yi masa magana idan ya nemi shiga manyan shafuka, ko ya tara kuɗin CELTA.

Barazanar da ke tafe kuma ta shafi kowa, na gida da na waje. Yau ɗalibi na iya buɗe ChatGPT ya yi hira da shi da murya, ya gyara masa nahawu ba gajiya, ko da ƙarfe biyun dare. Malamin da abin da ya iya kawai shi ne hira da karanta dokokin nahawu daga littafi, manhaja ta riga ta karɓe aikinsa. Wanda zai tsira shi ne mai iya gano cewa Hajiya ta daina turo saƙon murya ne saboda an yi mata dariya a rukuni, ya kira ta gefe ya dawo da ita. Mai iya tsara wa ɗan kasuwa darussan wata uku a kan farashi da jigilar kaya da ƙorafin kayan da suka iso a lalace, ya kuma bi shi ranar da ya yi fashi. Ita manhajar sai ta koma 'yar aikensa, ta haɗa masa atisaye goma a kan darasin gobe cikin minti ɗaya, shi kuma ya tace su ya zubar da waɗanda ba su dace da ɗalibansa ba.