Korar ɗalibi daga jami'a: wa ke yanke hukunci, wa ke sauraren wanda ake tuhuma?

Tun shekarar 2010 da gwamnati ta mayar da cibiyoyin koyon fasaha na Maradi da Damagaram da Tawa jami'o'i masu cin gashin kansu, iyaye da yawa a jiharmu sun huta da tura yaro Yamai bayan ya ci bak. Yau a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo akwai ɗan mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, akwai ɗiyar mai kawo zogale daga Jiratawa, akwai ƴaƴan Tibiri da ke hawan kabu-kabu kullum safiya. To amma kaɗan ne cikin iyayen nan suka san cewa jami'a tana da majalisar ladabtarwa, wadda a zama guda za ta iya soke jarrabawar yaro, ko ta dakatar da shi, ko ma ta kore shi baki ɗaya, dukiyar da aka zuba shekara da shekaru ta bi ruwa.

Abin da ya faru a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai a 2018 ya isa misali. Ranar 7 ga Fabrairu aka yi hatsaniya tsakanin wani malami da wasu ɗalibai ƴan CASO, wato rukunin da ƙungiyar ɗalibai ta ɗora wa kula da tsari a cikin jami'a. Malamai suka ce duka ne, ɗalibai suka ce cacar baki ce da ba ta taka kara ta karya ba. Ƙungiyar malamai ta SNECS ta shiga yajin aiki ranar 20 ga watan, ba ta koma aji ba sai cikin Maris, bayan an kori jagororin ɗalibai biyar an kuma amince jami'an tsaro su shiga harabar jami'a. Ranar 18 ga Afrilu aka yi arangama, aka rufe wurin kwanan ɗalibai, ita kuma USN, uwar ƙungiyar ɗaliban ƙasa, ta kira yajin karatu tana neman a maido da waɗanda aka kora. Makonni suka salwanta, kuma wanda ya fi jin jiki shi ne yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ba na cikin masu cewa kada a hukunta ɗalibi. Wanda ya ɗaga hannu kan malaminsa ya yi abin kunya, ko a makarantar allo ko a jami'a. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda hukuncin ya zo. Idan kora ta zama sharaɗin janye yajin aiki, ko da an bi ƙa'ida, mai kallo daga waje zai ɗauka ciniki aka yi. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin wannan. In rigima ta haɗa mutum biyu a kan rumfa, sarkin kasuwa ba ya yanke magana don ɗaya ya yi barazanar rufe shago. Sai ya zaunar da su, kowa ya faɗi nasa, a kira waɗanda suka gani da ido.

Haka ya kamata a jami'a, kuma a kan haka aka gina dokokin hukunci na gwamnati a ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa irin tamu. A sanar da ɗalibi laifin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi lokaci ya shirya, a saurare shi kafin a yanke, sannan a ba shi hukuncin a rubuce tare da dalili. Takardar nan ita ce komai. Da ita ne zai rubuta wa shugaban jami'a ya roƙi a sake dubawa, in bai gamsu ba ya kai ƙara gaban alƙalan da ke duba hukunce-hukuncen hukumomin gwamnati. Akwai wa'adi, kuma ba shi da tsawo. Uwa ko uba da ya ɓata wata biyu yana zagayen gidajen manya neman alfarma, yana iya dawowa ya tarar ƙofar shari'a ta rufe.

Su ma ɗalibai akwai tasu. Babu mai musun abin da USN ta yi wa ƙasar nan. Jinin ɗalibai uku da ya zuba a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 yana cikin abin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991, kuma ba a manta da Mala Bagale da ya rasu a zanga-zangar 10 ga Afrilun 2017 ba. Amma wannan tarihi bai ba kowa izinin kafa kotu a ɗakin kwana ba. An daɗe ana kuka da yadda ƴan tsaron ƙungiya ke horon ƴan uwansu ɗalibai da hannunsu. Wanda ke neman a saurare shi gaban majalisar jami'a, ta yaya zai hana ƙaramin ɗalibi ɗan shekarar farko buɗe baki a gabansa?

Sannan mu tuna, ba duk shari'ar ladabtarwa ce ta siyasa ba. Sau da yawa satar amsa ce, musamman tun da salula ta shiga aljihun kowa. Wannan ba ƙungiya a ciki, ba zanga-zanga, yaro ne shi kaɗai gaban malamai, kuma sau tari yana ɓoye wa gida har sai an yanke. Kuɗin tallafin karatu da hukumar ANAB ke biya da wurin kwana duka sun rataya ne a kan zamansa ɗalibi, in ya faɗi sai su bi shi.

Don haka Hajiya, Alhaji, ranar da yaro ya je rajista ku ce ya nemo dokokin cikin gida na jami'a, ya zauna ya fassara muku da Hausa. In kuwa aka aiko masa takardar kira, kada ya ƙi zuwa don fushi ko don abokai sun ce a ƙaurace. Ya je, ya tafi da shaidunsa, ya nemi kwafin duk abin da ya sa wa hannu, ya kuma rubuta ranar da aka miƙa masa hukuncin, domin daga ranar ne wa'adin ƙara yake fara tafiya.