A Rarrabe Gonaki Kafin a Yanka Fuloti

Gabatarwa

Duk wanda ya san hanyar Kano zuwa Gwarzo ko zuwa Wudil shekaru talatin da suka wuce, in ya bi ta a yau, zai tarar da bulo da kwanon rufi a wuraren da dawa da gero suke tsayawa a da. Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Mariri, waɗanda gonaki suka kewaye, duk birni ya haɗiye su. Babu mai hankalin da zai ce a hana jama'a muhalli. Abin tambaya shi ne, wace ƙasa ta dace da gini, wace kuma ya kamata a bar wa garma? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wajibi ne kowace ƙaramar hukuma ta rarraba gonakinta daraja daraja, ta zana su a taswira, kafin a yanka ko da fuloti ɗaya.

Ƙasa ba ɗaya ba ce

Manomin ƙasar Hausa bai jira masana ba kafin ya san wannan. Ya san fadama mai riƙe damshi, inda ake rake da shinkafa da kayan lambu har da rani. Ya san jigawa mai rairayi, wadda gero da gyaɗa da wake suke so. Ya san jangargari, ya san laka, ya kuma san faƙo da marmara, inda ko an zuba iri wahala ce kawai. Bugu da ƙari, gonakin karkarar Kano ba haka kawai suka yi albarka ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gonakin nan kowace shekara ba hutu, saboda takin da ake ɗebowa daga birni a kan jakuna da kuma na dabbobin gida. Wato ƙarfinsu gumin kakanni ne. Ƙasar sama mai albarka takan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta taru, amma da zarar an zuba mata siminti, magana ta ƙare.

Yadda wasu suka yi

A Ingila an kasa ƙasar noma zuwa daraja biyar, bisa la'akari da yanayi da irin ƙasa da gangara. Ana umartar hukumomin tsara gari da su fifita yin gini a kan mai ƙarancin daraja. A Amurka kuwa, dokar kare gonaki ta 1981 ta ambaci gonaki masu darajar farko, da na musamman da ake shuka wani amfani na daban, da kuma waɗanda jiha ko ƙaramar hukuma ta ga suna da muhimmanci a wurinta. Wannan kashi na ƙarshe shi ne darasi a gare mu, domin ya yarda cewa mutanen wuri su suka fi sanin gonar da ba za su iya rabuwa da ita ba.

Inda giɓin yake

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon ayyana yankin da ya zama birni, ta kuma bar wa ƙaramar hukuma kula da filayen karkara. Ta ma ƙayyade cewa ƙaramar hukuma ba za ta ba mutum fiye da hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba sai da yardar gwamna. To amma dokar faɗin fili take aunawa, ba ta tambayar ingancinsa. A idonta fadama da faƙo duk ɗaya ne. A wannan giɓi ne awon igiya ya sami gindin zama: dillali ya sayi gona, ya yanyanka ta, ba hanya ba magudanar ruwa. Idan fadama aka gina, asara biyu ake yi, an rasa abinci, sannan da damina ruwa ya dawo neman hanyarsa a cikin ɗakunan mutane.

Hujjar masu ja

Wani zai ce, gonar gado ce, me zai hana mai ita ya sayar in kuɗin fuloti ya ninka abin da zai noma a shekaru masu yawa? Wannan magana tana da nauyi, kuma bai kamata a ɗora wa talaka shi kaɗai nauyin ciyar da birni ba. Saboda haka rarrabewa kaɗai ba ta isa. Gonar da aka sa a daraja ta ɗaya, mai ita ya cancanci takardar mallaka cikin sauƙi, da fifiko wajen taki da rance da rijiyar ban ruwa. Sannan hukuma ta kai hanya da ruwa da lantarki wuraren da ƙasarsu ba ta da ƙarfi, domin gini inda hanya ta bi yake bi.

Haka kuma, kada a bar aikin ga ma'aikatan ofis su kaɗai. A haɗa malaman gona da masu unguwanni da dagatai da tsofaffin manoma da makiyaya, a sa burtali da mashaya a cikin taswirar, a kuma kafe ta inda kowa zai gani. A fara da wuraren da suka fi daraja, kamar filayen noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda suke shan ruwan madatsar Tiga.

Kammalawa

Ɗalibin da yake shirin zama malami yana da rawar takawa a nan. Kalmomin fadama da jigawa da faƙo ilimi ne da harshe ya adana, kuma yaron da ya tashi bai san su ba, ba zai ji zafin rasa abin da suke nufi ba. Malami yana iya fita da 'yan ajinsa su tambayi dattawa, su zana taswirar gonakin garinsu da sunayen ƙasarsu. Daga cikin yaran nan ne za a sami kansila da dagaci da ma'aikacin filaye na gobe. Hausawa suna cewa, tun ran gini ran zane. Gonar da ba a tantance darajarta yau ba, gobe sai dai a ba da labarinta.