Ba Kowace Waƙa Ake Yi Don Alƙali Ba

A garuruwan Adar, daga Deule ta ƙasar Buza har Keita da Madawa, ba a rasa magidancin da ya binne wata fasaha tasa a ƙarƙashin akwati. Wannan mushen lakwal ne mai littafin baitocin da bai taɓa karanta wa kowa ba. Wancan ɗan kasuwar albasa ne da ya rataye gurminsa tun ranar da ya yi aure. In aka tambaye su dalili, amsar ɗaya ce: hannu bai faɗa ba, kada a yi musu dariya.

Wannan tsoro yana da tarihi. A zamanin Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, Samariya ta raya waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, aikin da babu mai musunsa. Sai dai ta ɗora kusan kome bisa gasa: gari ya kara da gari, a tace, a kai jiha, a sake tacewa, kana a je bikin matasa na ƙasa gaban alƙalai masu ba da maki. Jama'a suka ɗauki darasin da ba a yi nufin koya musu ba, wato abin da ba zai ci kyauta ba bai cancanci a yi shi ba. Bayan babban taron ƙasa na 1991, da Samariya ta watse, dandali da yawa suka yi tsit, domin an saba yi don alƙali, ba don daɗin rai ba.

Masu ja da wannan magana suna cewa aikin da bai cika ba zubar da girma ne. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Wanda ke sayar da aikinsa wajibi ne ya kyautata shi: mai saƙar tabarmar kaba da za ta kai kasuwar Madawa ta san mai saye zai juya ta ciki da bai. Amma wadda ta saƙa wa ɗakinta, ko bakinta ya karkace, a kanta ake salla, a kanta ake tarbar baƙo. Kuskuren ma'aikaci da ɗan kasuwa shi ne auna abin gida da mudun kasuwa. Batun girma kuwa, Yazi Dogo malamin lakwal ne, ya hau dandali ya ba ƙasa dariya ta rediyo da talabijin, girmansa kuma bai zube ba.

Ƙasar Adar ita kanta shaida ce. A aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, da aka soma a 1984 da taimakon Italiya, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera don tare ruwa. Yadda aka tsinto dutse haka aka aza shi, kuma ya tare ruwan. Da sai mai kusurwa huɗu aka jira, da har yau wurin faƙo ne.

Hasarar ba ta mutum ɗaya ba ce. Yaron da ya tashi bai taɓa jin ubansa ya rera baiti ko ya tsara tatsuniya ba, zai ɗauka cewa fasaha abin saye ne daga wasu. Mulkin jam'iyyu bai ce sai gwanin magana zai jefa ƙuri'a ba. Don me za a ce sai gwani zai taɓa gurmi?

Ya kamata magadan gari su ware dare ɗaya a wata a gidajen matasa, ba alƙali, ba maki, ba kyauta, manya su zo da abin da suka iya. Kafin nan, mushen Deule ba ya bukatar izinin kowa. Ya buɗe akwati, ya karanta wa iyalinsa baiti biyu bayan sallar isha. In an yi dariya, gidan ya samu abin da ya daɗe bai samu ba.