Cutar MS: magani ya san gidan da zai shiga

Wannan makon za mu taɓa wata cuta da ba mu cika jin sunanta ba, wadda likitoci ke kira MS a taƙaice. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke gaigayar robar wayar wuta. Sai saƙo ya riƙa yankewa: ido ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, hannu ya mutu. Bayan makonni a ji sauƙi, daga baya abin ya dawo. Ta fi kama mata, yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi yawa a Turai da Kanada.

Babu maganin da ke warkar da ita, sai dai masu rage yawan dawowarta. A ganinmu, tambayar wanne ya fi ƙarfi ba ta isa ba. Sai an haɗa da wa zai sha, ina yake zaune, me yake shirin yi nan da shekara biyu.

Mu ɗauki glatiramer acetate. Allura ce da mutum ke yi wa kansa a gida, kullum ko sau uku a mako, kuma a firji ake adana ta. A Jamus wannan ba abin tattaunawa ba ne. A gidan da wuta ke leƙowa ta koma, ga zafin Afrilu, babban lamari ne. Ƙwaya ta fi sauƙin ɗauka, amma ita ma da sharaɗinta. Fingolimod, da aka amince da ita a Amurka a 2010, ranar farko sai mutum ya zauna awa 6 ana lura da bugun zuciyarsa, kuma idan aka yanke ta kwatsam cutar kan iya dawowa da ƙarfin da ya wuce na da. Wanda ba shi da tabbacin samun na wata mai zuwa, ya yi lissafi tun kafin ya haɗiyi ta farko.

Inda zancen ya fi nauyi shi ne haihuwa, tunda cutar na zuwa ne daidai shekarun aure. Teriflunomide na iya cutar da ɗan tayi, kuma tana iya zama a jiki har shekara 2 bayan an daina, sai an yi amfani da wani magani an wanke ta. Fingolimod ma ba a shan ta da juna biyu. Glatiramer kuwa likitoci kan bar mace a kanta. To amaryar da kunya ta hana ta ce wa likita tana son ciki bana, an zaɓa mata magani ba tare da an san rabin labarinta ba. Mijin ma ya kamata ya shiga ɗakin, ba ya tsaya a mota ba.

Sai dai mu ja kunne. Dacewa da rayuwa ba hujja ba ce ta guje wa magani mai ƙarfi don kawai ana tsoron asibiti. Jijiyar da ta lalace ba ta cika komawa daidai ba, shi ya sa likitocin jijiya da yawa yanzu suka fi son farawa da mai ƙarfi tun da wuri. Wani lokacin ma mai ƙarfin ne ya fi sauƙin zama da shi: ocrelizumab ƙarin ruwa ne sau ɗaya duk wata 6, babu firji a gida, babu mantuwa, tafiya biyu a shekara ga wanda ke nesa da babban asibiti. Tsada ce matsalarsa. Rituximab na aiki ta hanya ɗaya kuma ya fi araha, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magungunan MS a 2023, tare da glatiramer da cladribine.

Duka biyun, ocrelizumab da rituximab, kan iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki. A ƙasashenmu mutane da yawa na ɗauke da shi ba su sani ba, don haka sai an yi gwajin jini kafin a ɗaura ruwan farko.