Mu Kafa Wa Dattawanmu Majalisar Jin Labarin Duniya

Jama'a 'yan'uwana mazauna ƙasar Kurmi, na Agege da Idi-Araba, da na Sabo a Badun, da na Anaca da Fatakwal, yau ina so in jawo hankalinmu ga wani hakki na iyayen da muka baro a gida, musamman mu mutanen Kafanchan da kewayenta. Kowa ya san aika kuɗin cefane da na magani in wata ya ƙare. To, amma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa tambayar kansa da wa tsohonsa yake hira, kuma daga bakin wa yake jin abin da duniya take ciki?

Garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun da aka haɗe layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da na Kaduna a 1927, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, garin ya zama matattarar Hausawa da Fulani da Fantsuwam da Bajju da Kataf da Jaba da Kagoro da Kaninkon, ga Ibo da Yarbawa ma'aikatan reluwe. Jirgi shi ke kawo jaridun Ikko, da Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, sai ka ga rediyo ɗaya da mutum goma kewaye da shi, in an gama labarai a shiga sharhi, wanda ya ji ba daidai ba a gyara masa nan take.

Wannan zama ya yi rauni ƙwarai. Harkar reluwe ta durƙushe, ma'aikata suka yi ritaya, 'ya'yansu kuwa ga mu nan a Kudu wajen neman abinci. Rikice-rikice kuma, musamman na bayan zaɓen Afrilu 2011, sun raba unguwanni, Musulmi gefe guda, Kirista gefe guda. Tsoffin da suka yi shekara talatin suna aiki a tasha ɗaya, yanzu sai su yi wata da watanni ba su gaisa ba. Abin da ya rage wa tsoho shi ne wayar jikansa, inda za a nuna masa hoton gawarwakin wata ƙasa a ce masa ƙauyen maƙwabta ne, ba shi kuwa da wanda zai tambaya.

Mu mazauna Kudu mun fi kowa sanin illar jita-jita. Rigimar da ta tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ran 6 ga Maris 1987, cikin 'yan kwanaki ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Faɗan Shagamu na Yuli 1999 a Kano aka rama shi. Na Kaduna na Fabrairu 2000 kuwa 'yan Arewa mazauna Aba ne suka biya da rayukansu. Ashe ke nan duk wutar da aka kunna a gida, mai sayar da goro ko tumatir a Kudu yana cikin waɗanda za ta fara ci.

Akwai wata dabara da Yahudawan Amurka suke yi wadda ta isa a yi koyi da ita. A cibiyoyin al'ummarsu na birane irin su New York, akan ware wa tsofaffi lokaci, galibi mako-mako, su zauna su tattauna labaran da suka fito a jaridu. Akwai mai jagorancin zama, shi ke kawo batu, ya ba kowa dama ya faɗi ra'ayinsa, ya hana cacar baki. Amfanin biyu ne: tsoho ya fita daga kaɗaici, ƙwaƙwalwarsa kuma ta ci gaba da aiki. Mu da muka gāji majalisa tun kaka da kakanni, tsari kawai muka rasa.

Ga shawarata. Kowace ƙungiyar 'yan gari ɗaya da ke nan Kudu ta ɗauki nauyin majalisa guda a gida, a Kafanchan ko Zonkwa ko Kagoro ko Kwoi. A riƙa zama ran Asabar da hantsi, tun da Jumma'a da Lahadi na ibada ne, a ajin firamare ko a ƙofar mai unguwa, inda kowane ɓangare zai je ba da ɗar-ɗar ba. A sami tsohon malamin makaranta ya karanta labaran mako da Hausa, harshen da ya haɗa kowa. A sa doka uku: kada a katse mai magana, kada a zagi addini ko ƙabilar wani, kuma duk wanda ya kawo labari ya faɗi inda ya ji shi. Iyayenmu mata su ma a yi musu tasu, don su ne ke tare da jikoki dare da rana.

Abin tattaunawa ba ya ƙarewa. Ga cutar da ta halaka citta a Kachia da Jaba da Kagarko a 2023, ga janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ga tsadar taki, ga maganar fansho. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya tambayi mutum masallaci yake zuwa ko coci. Kuɗin da za a kashe kuwa bai taka kara ya karya ba: benci, da rediyo, da jarida, da goro, da kuɗin babur ga wanda ƙafa ta gaza.

Na san wasu za su ce majalisa gidan tsegumi ce, kuma 'yan siyasa za su saye ta da buhun shinkafa. Tsoron yana kan hanya, shi ya sa ya kamata kuɗin ya fito daga aljihunmu, a kuma hana ɗan takara kujera a wurin. Wasu za su ce haɗa mutanen da aka yi jini tsakaninsu tonon tsohon miki ne. To, ai an gwada an gani. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf sun zauna sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Sai dai takarda ba ta kashe jita-jita da tsakar dare. Mai kashe ta shi ne dattijon da zai ɗaga waya ya kira abokin zamansa na ɗaya unguwar ya ji gaskiya, sa'an nan ya ce wa samari su koma gida su kwanta.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu da sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu su sa wannan batu a taronsu na gaba, a fara ko da majalisa ɗaya ce. Allah Ya ja kwanan iyayenmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.